Zuwa ga Malam Wataƙila

Bungudu, farkon damina

Yaya Shamsu,

Assalamu alaikum. Hannuna ya riga ni, har ya rubuta "da fatan kana lafiya" kamar yadda ya saba, sai da na soke. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Babu motar da ke zuwa inda kake, kuma ko da akwai, ban san layin da kabarinka yake ba balle in yi wa direba kwatance. Amma an ba ni saƙo gare ka, kai kuma ka san ƙanwarka Hindatu, magana ba ta kwana a cikina. Na faɗa wa matarka Fa'iza, na faɗa wa maigidana, na faɗa a kan sallaya, amma har yanzu ji nake ban isar ba, tunda mai saƙon bai ji ba. Shi ya sa na yago takarda daga littafin makaranta na zauna.

Saƙon yana ƙarshe. Ka yi haƙuri ka bi ni a hankali, don in na fara da shi ba zan iya rubuta sauran ba.

Bari in ba ka labarin gida tukuna, tunda da shi kake fara kowace waya. Ruwa ya sauka. A Wanke aka fara yi, mu a Bungudu muna ta kallon gabas, sai daga baya ya waiwaye mu. Inna tana Tsafe har yanzu a gidan Kawu Isa. Ta so komawa garinmu Bilbis da bazara muka hana ta, don hanyar ba daɗi, ka san abin da nake nufi. Gonar bayan dutse bana ma ba za a shuka ta ba, sai 'yar ta bakin gari. Kawu Isa kunnen ya ƙara nauyi, bakin kuwa yana nan yadda ka bar shi. Fa'iza ta fita takaba tuntuni, tana Gusau wajen iyayenta, ta koma ɗinkinta. Ta rame, amma yanzu tana cin abinci. 'Yarka Ummi ta yi wayo, ta kwaso wushiryarka da yawan tambayarka. Wasanta ɗaya ne: ta ɗauki takalmi ta kara a kunne ta ce "Abba, ba sabis", ta ajiye, ta sake ɗauka. Ba wanda ya koya mata. Abin da ta fi ji ke nan a bakin uwarta lokacin da kake kira.

Ni kuma ina nan da aji biyar ɗina, ina ta fama da alli. Kwanan baya muka zo darasin sama da ƙasa, wata yarinya ta tambaye ni me ke can sama da gajimare. Na buɗe baki zan ba ta amsarka, sai muryata ta ƙi fita. Na ce su kwafi abin da ke allo, na fita na tsaya a bayan aji har na dawo daidai.

Ka tuna rediyon Baba, mai rigar fata ɗin nan? Da rana in ya murɗo tashoshin ƙetare sai shuuu kawai, amma da an yi magariba sai muryar ta fito tar kamar mutumin yana zaure tare da mu. Ka dame shi da tambayar dalili, ya ce maka iska ce, ka ce wace iskar, ya ce ka tashi ka ba awaki ruwa. Allah ya jiƙan Baba, bai san tambayar nan za ta kai ka inda ta kai ka ba. Sai da ka shiga jami'a ka dawo hutu ka kawo amsar, kuma da ka rasa mai saurare sai ka tare ni ina wanke-wanke. Ka ce can sama, gaba da gajimare, gaba da inda jirgi ke bi, akwai wata iska siririya da hasken rana ke cika ta da lantarki. Muryar rediyo takan tashi ta doke ta ta dawo ƙasa a wani gari mai nisa. Da rana ɓangarenta na ƙasa kan shanye muryar, in rana ta faɗi sai ya sake ta. Ka faɗi sunanta na boko, ayonosifiya, harshena ya yi tuntuɓe a kai, sai ka ce to in kira ta rumfar sama. Har yau da rumfa na san ta.

Da ka samu tafiya ƙaro karatu a ƙasar nan da ba na son rubuta sunanta yanzu, ni ka fara yi wa bayanin aikin, muna zaune a tashar Gusau muna jiran mota ta cika. Ka ce taurarin ɗan'adam suna aiko saƙo zuwa na'urori a ƙasa, kuma dole saƙon ya ratsa ta cikin rumfar, sai ta ɗan jinkirta shi. Daga wannan ɗan jinkirin kuke gane ko rumfar ta yi kauri ko ta yi sirara, ko tana kwance ko ta rikice. Ka ce wasu masana suna zaton in duwatsun ƙarƙashin ƙasa suka matsu, suna dab da karyewa, sukan saki wata iska ko wani lantarki da ke hawa har ya taɓa rumfar, ta yadda za ta rikice kwanaki kafin girgizar ƙasa. In haka ne, ashe sama za ta iya tona asirin ƙasa.

Na ce maka, to gaskiya ne? Ka ce wataƙila. Na ce wane irin wataƙila bayan duk wannan karatu? Ka ce ai rana ma takan rikita rumfar in ta yi tsiyarta, babban hadari ma yakan yi. Sau da yawa rumfar takan rikice a jira shiru ba abin da ya faru, wani lokaci kuma ƙasa ta girgiza rumfar tana kwance abinta. Galibin alamun ma sai bayan abin ya faru ake komawa a ce af, ga shi nan. Har ka yi dariya ka ce sunanka Shamsu, ma'anarsa rana, kuma takwararka ce ke ɓata maka aiki kullum. Tun ranar na raɗa maka Malam Wataƙila. Za ka ci tuwo? Wataƙila. Za ka dawo da Sallah? Wataƙila. Har Fa'iza ta kama, ta ce da ta sani da ranar ɗaurin aure ta sa an tambaye ka sau biyu.

Na kuma tambaye ka abin da ya kai ɗan Zamfara bin girgizar ƙasa, mu da ƙasarmu ba ta motsi, masifarmu a kan babur take zuwa. Ka ce ai mu muka fi kowa sanin darajar mutumin da zai bugo waya ya ce ku fita, ga su nan tafe. Ka ce a can mutane rufin ɗakinsu ne ke kashe su, ba wanda ke bugo musu waya, kuma in da za a samu ko da rabin yini na gargaɗi, da uwaye da yawa sun fita da 'ya'yansu fili. Ban taɓa gaya maka ba, don ba na son kanka ya kumbura, amma ranar na yi alfahari da kai har na rasa inda zan sa idona. Na ɓoye shi da tsiya, na ce ka dai je ka sha sanyi.

Yanzu bari in zo kan kalmar da ta raba ka da Inna. Na san ka sani, amma ina so in jera shi yadda ya faru, don na gaji da juya shi a kaina.

Zuwanka na ƙarshe ne, da Babbar Sallah. Kuna zaune a ƙofar gidan Kawu Isa, dattawa suka tambaye ka wai me kake karantawa da ba ya ƙarewa. Ka so ka sauƙaƙa musu, ka ce, muna duba sama ne ko za mu gane motsin ƙasa kafin ya zo. Kawu Isa ya tsinci kalma biyu, duba da ƙasa, ya shige da su cikin gida da zafinsu. Kafin su isa kunnen Inna sun zama wai ɗanta duba yake yi a ƙasar waje, yana faɗa wa mutane ranar da ƙasa za ta girgiza.

Ka san Inna da 'yan duba. 'Yar malam ce, tun tana yarinya aka zuba mata a kunne cewa mai da'awar sanin gaibu ya yi jayayya da Ubangijinsa. Ka tuna lokacin ciwon Baba, da wani ya kawo mai bugun ƙasa har tsakar gida da 'yar jakar yashinsa, ta fito masa da muciya? A wajenta gara a ce ɗanta ya yi sata. Ga shi kuma kai ne ɗan fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunanka a bakinta ba, sai "yayanku" ko "wancan". Ba ta zama ta yi hira da kai, ba ta kallon fuskarka sosai, in za ta ba ka nama ma sai ta ba ni in miƙa. Da ni ce aka ce ina duba, da ta kama kunnena ta murɗe har sai na yi bayani. Kai kunya ta hana ta.

Tambaya ɗaya ta iya yi maka. Ka durƙusa kana yi mata sallama, tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba ta ce, "Wai duba kaka yi can?" Kai kuma da ba ka iya barin wasa, ka yi dariya ka ce, eh Inna, dare da rana. Ina tsaye da jakarka a hannu, ni ma dariyar na yi. Duban na'ura muke nufi, ita kuwa wani duban ta ji. Da ka miƙe ta ce Allah shi kiyaye hanya, ta tsaya nan. Ba ta ce Allah shi yi albarka ba, abin da ba ta taɓa fasawa ba tun kana zuwa firamare. Na ga ka ɗan dakata a bakin ƙofa kana jira. Mai mota ya yi oda, ka fita.

Sai bayan ka isa na gane inda gizo ke saƙar, na gaya maka a waya. Ka yi dariya har kana tari, can kuma na ji dariyar ta ɗauke. Ka yi ta kira. Wani lokaci ba sabis, wani lokaci in an samu ta amsa gaisuwa ta ce lafiya lau, ta miƙa wa na kusa da ita. Na gwada yi mata bayani ta katse ni, ta ce, "Da bakinai yah hwaɗi." Kai kuma ka ce min in bari, irin wannan magana ba ta waya ba ce, in ka dawo za ka zauna a gabanta ko tana so ko ba ta so, ka warware mata komai. Na ce yaushe za ka dawo? Ka san amsar da ka ba ni.

Abokin karatunka Idrisu, ɗan Maraɗi, shi ya kira mu. Ya ce da rana tsaka ne, ka koma masaukinka ka yi azahar ka ci abinci, ƙasa ta girgiza, ginin ya sauko gaba ɗaya. Ya ce da hannunsa ya yi maka wanka, aka yi muku salla kai da sauran mamata da yawa, aka binne ku a gefen wani tudu. Mu kuma a Tsafe muka shimfiɗa tabarmi muka yi zaman makoki, ba gawa, ba makara, ba kabarin da maza za su je su dawo da ƙura a ƙafa. Ni har aka tashi gani nake kuskure ne, za ka kira ka ce ba sabis ne.

Inna ba ta yi kuka ba. Mata suna ta yaba mata, wai ga tawakkali, wai ga kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ni kaɗai da Fa'iza muka san ba shi ke nan ba. Duk wadda ta shigo ta ce Inna sai haƙuri, a yafe masa, sai ta sunkuyar da kai ta ja carbi. Na kasa kunne, na kasa, ban ji ta ce ta yafe ba. A bayan ɗaki kuma na tsinci wata tana raɗa wa wata cewa ai wanda ya ce ya san ranar girgizar ƙasa, ga shi ƙasar ta nuna masa. Yaya, da ba don Fa'iza ta riƙe min zane ba, da an yi abin kunya a gidan makoki.

Abin da na yi ta ɗauka ke nan fiye da shekara. Mutuwa dai kowa zai yi, na haƙura da wannan gwargwadon iyawata. Amma ka kwanta a ƙasar mutane, cikin sanyi, uwarka tana zaton ka mutu kana jayayya da Allah, kuma bakinta ya kasa furta yafiya? Ita ma ba daɗi take ji ba. Ta zube, ta bar cin goro, in an ambace ka sai ta tashi ta shiga ɗaki. Tsoro nake kada ita ma ta tafi da abin a ranta, ku haɗu can ba a warware ba.

Da azumin bana na kira Idrisu na yi masa tambayar da na daɗe ina tsoron yi. Na ce, ya gani? Zan gaya maka gaskiya, so nake ya ce eh. So nake ya ce ka ga alamar ƙarara, ka faɗa, ba a saurare ka ba, don in ɗauki maganar in je in watsa wa masu raɗa a fuska, in ce aikin yayana gaskiya ne. Idrisu ya ce ba zai yi min ƙarya ba. Ya ce a kwanakin rumfar ta ɗan rikice a saman yankin, kuma ka gani. Amma a kwanakin nan rana ma tana ta tsiyarta, kuna shan shayi ka ce musu wataƙila ranar ce, sai an ƙara dubawa. Ya ce har yanzu masana suna ta ja, wasu su ce alama ce, wasu su ce ba ita ba ce, kuma babu wanda zai iya rantsuwa.

Ya ce abu ɗaya ne ba a jayayya a kansa. Bayan ƙasa ta girgiza da 'yan mintoci, motsin ya hau ta cikin iska har ya kai rumfar, ita ma ta girgiza. Ya turo min hoton, da'ira cikin da'ira suna buɗewa, kamar an jefa dutse a tafki. Na daɗe ina kallonsa. Ashe sama ta ji mutuwarka tun muna nan ba mu san komai ba. A lissafina a lokacin ina kasuwar Bungudu ina cinikin kuɓewa, har ina faɗa da mai ita.

Na yi fushi da kai ranar, ba zan ɓoye ba. Ka bar Ummi tana rarrafe, ka bar Inna da magana a ciki, ka je kana tsaron sama don ka bugo wa mutane waya, kai kanka ba wanda ya bugo maka. Me ya hana ka ci abincin a waje? Da ka ga rumfar ta motsa, me zai ragu a jikinka in ka ce wataƙila ƙasar ce, ka kwana biyu a fili? Na san amsar, ka sha faɗa min: in za a fita fili duk ranar da rumfa ta motsa, ba wanda zai ƙara zama a ɗaki. Na sani. Sanin bai hana ni fushin ba.

Makon jiya na shirya na tafi Tsafe. Tun daga Gusau nake bitar hujjata a mota, kamar mai shiga jarrabawa. Na same ta da hantsi a tsakar gida tana gyaran irin gero, ga shanyar kuka a tabarma. Muna cikin gaisawa ta ɗaga kai ta kalli gabas, ta ce in kwashe shanyar, ruwa na zuwa kafin la'asar. Na ce a raina, ga ƙofa ta buɗe. Na ce mata, Inna, yaya aka yi kika sani, ko duba kika yi? Kallon da ta yi min, da ina ƙarama da na nemi wajen ɓuya. Amma na daure na ci gaba. Na ce yadda take kallon hadari ta gane ruwa, yadda ake ganin shamuwa a ce damina ta kusa, haka kake kallon wata alama a sama da na'ura, ba yashi, ba aljani, ba alli. Na yi mata labarin rediyon Baba da rumfa, duk yadda ka koya min, har na ji kamar da muryarka nake magana.

Ba ta karɓa ba. Ta ce hadari da ido ake ganinsa, kowa ya ɗaga kai zai gani, shamuwa kuma tsuntsuwa ce, amma abin da ke cikin ƙasa bai faru ba tukuna wa ya gan shi? Ta ce in bar kawo mata wayon 'yan boko, ta ci gaba da sheƙe geronta. Hujjar da na ɗauko tun daga Bungudu ta zube a nan. Na kwashe kukar na kai ɗaki, na dawo na zauna. Hawaye ne kawai suke zuba, ina sharewa da gefen hijabi don kada ta ce na cika raki.

Ta ci gaba da juya faifanta. Can, ba ta dube ni ba, ta ce, "Shi ya san girgizar tana zuwa?"

Yaya, ka san abin da na so in ce. Amma na tuna Idrisu bai yi min ƙarya ba, kai ma ba ka taɓa yi min ba a kan aikin nan. Na ce bai sani ba, Inna. Ya ga wani ɗan motsi ya ce wataƙila rana ce, ya tafi ya yi sallarsa ya zauna cin abinci. Na ce da shi da malamansa duka babu wanda ya sani, har gobe nema suke. Ina faɗa ina jin kamar na tona maka asiri, kamar na ce duk shekarun nan a banza ka yi su.

Ta ajiye faifan. Ta tambaye ni ko ka taɓa ce wa wani ka san rana ko wuri. Na ce ko sau ɗaya. Na ce mutumin da ko tuwo aka tambaye shi sai ya ce wataƙila, har sunan da muke kiransa ke nan ni da Fa'iza, Malam Wataƙila. Na ba ta labarin sunan tun daga tashar Gusau, ina kuka ina dariya. Ashe ita ba ta taɓa ji ba. Ta yaya za ta ji, tunda ba a hirarka a gabanta?

Iska ta fara tashi, Inna ta gyara mayafinta. Sannan ta ce, a hankali, kamar da kanta take magana, "Ɗan duba ba shi cewa wataƙila."

Ta maimaita. Ta ce duk wanda ta taɓa gani, cewa yake ranar kaza, wuri kaza, wance ce ta yi miki, don da tabbacin yake cin abinci. Ta ce wanda ya ce wataƙila ai ya bar wa Allah saninSa. Daga nan sai ta fashe da kuka. Ban taɓa ganin Inna tana kuka da murya ba, ko ranar Baba. Abin da ya fi ƙona min rai, cewa ba ka sani ba, shi ne ya wanke ka a wajenta. Har yanzu ban san yadda zan ajiye waɗannan biyun wuri ɗaya a zuciyata ba.

Da ta ɗan lafa ta tambaye ni ta ina ƙasar take. Na tsaya na yi lissafi da alƙibla, na nuna mata tsakanin gabas da arewa, ta saman katangar Kawu Isa, daidai inda hadarin ya haɗo. Ta gyara zama ta fuskanci wajen, ta gyara ɗankwalinta.

Ga saƙon, Yaya. Ka saurara da kyau, don yadda ta faɗa zan rubuta, ban ƙara ba ban rage ba.

"Shamsu. Na yahe maka duniya da lahira. Allah shi yi maka albarka."

Ka ji? Da sunanka ta kira ka. A gabana, da rana, da muryar da maƙwabta za su iya ji. Albarkar da ka tsaya jira a bakin ƙofa ta fito, ta makara, amma ta fito cikakkiya.

Sai kuma ta ƙara wata da ban shirya mata ba. Ta ce ita ce ta ɗauki alhakinka, ta bar ka ka tafi da nauyi a zuciya a kan abin da ba ka yi ba. Ta ce, "Kai ma ka yahe mani." Ta zuba wa katangar ido, wallahi kamar mai jiran amsa. Yayyafi ya fara sauka a kan geron, ba wadda ta motsa a cikinmu.

Na ga ba za ta tashi ba sai an amsa mata, kuma ba kowa a wajen sai ni. Don haka na ari bakinka ba da izininka ba. Na san ka, na san da wace kalma kake fara kowace amsa, amma wannan karon ban yi amfani da ita ba. Na ce, ya yafe, Inna. Tabbas ya yafe.

In na yi maka shisshigi ka yi haƙuri, ka san halina. Amma ban jin na yi ƙarya.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa ƙasar da ta danne ka ta yi maka sauƙi. In Ummi ta girma ta tambayi abin da ke sama da gajimare, zan ba ta amsarka, kuma zan yi ƙoƙari muryata ta fita. Ka huta lafiya, sai mun zo.

Ƙanwarka mai tsiya,
Hindatu